Wata ta ɓata mini suna a Facebook kan alkaki: in goge ko in amsa?

Maman_Nana_Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, don raina a jagule yake. Da yawanku kun san sana'ata: alkaki da nakiya da dubulan nake yi a gida nan unguwar Birni a Damagaram, ina talla a WhatsApp da shafina na Facebook, ina aikawa Yamai da Maraɗi da Agadas ta manyan motoci. Wata baiwar Allah a Yamai ta sa na yi mata alkaki na jika talatin, na garar ƙanwarta. Na soya, na tsoma a ruwan sukari, ya sha iska, na jera a kwali na kai gar, wato tashar mota, da kaina. Kwalin bai samu motar ranar ba sai ta washegari, kuma da gani an danne shi da kaya mai nauyi. Ya isa a farfashe, gindin kwalin ya jiƙe sharkaf. Ba ta kira ni ba. Sai kawai na ga ta sa hoton ƙarƙashin tallata, ta rubuta wai a yi hattara da ni, na ci kuɗinta na aika mata gari. Yanzu kowa na tofa albarkacin bakinsa, har da waɗanda ba su taɓa sayen ko na dala ashirin a hannuna ba. Ƙanena ya ce in goge in toshe ta. Maigida ya ce in yi shiru, zai wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai, gurup ɗina na masu saye ya haura mutum ɗari biyar, amma ko ɗaya bai fito ya ce ya san kayana ba. In goge ko in amsa?

Ɗan_Zango:
Goge kawai Hajiya. Shafinki ne. Wanda ya shigo shagonka yana ihu yana korar maka masu saye, ai fitar da shi kake yi.

Mai_Gyaran_Salula:
Tanti, don Allah kar ki goge. Wadda ta iya ɗaukar hoton alkaki ta sa, ta iya ɗaukar hoton abin da ta rubuta ta ajiye. Kina gogewa za ta kai shi gurup-gurup na mata ta ce "kun gani ko, ta goge don ba ta da gaskiya", kuma can ba ki ciki balle ki kare kanki. Nan da take, aƙalla kina ganin abin da ake faɗa. Akwai kuma inda Facebook ke ba mai shafi damar ɓoye sharhi maimakon gogewa, amma ki sani ita da abokanta za su ci gaba da ganinsa, sauran mutane ne kawai ba za su gani ba. Wannan na masu zagin iyaye ne da masu sa tallarsu ƙarƙashin taki, ba na wanda ya biya kuɗi ya zo da ƙorafi ba.

Tanti_Mai_Turare:
Maman Nana, sannu, Allah ya ba da haƙuri. Ni ma irinta ta taɓa samuna da kwalaben humra da na aika Agadas, ɗaya ta fashe ta jiƙe turaren wutan da ke tare da ita. Abin da zan ce miki: kafin ki rubuta ko harafi ɗaya a Facebook, ɗauki waya ki kira ta. Kira, ba saƙon rubutu ba, ba kuma saƙon murya mai minti bakwai ba. Ki bar ta ta yi faɗanta ta gama, ko da ta gaya miki baƙar magana. Mace mai biki a ka ba a hayyacinta take ba. Sai ta huce za ki tambaye ta nawa ya lalace, nawa ya tsira, yaushe za a kai garar. Bayan kun yi magana sai ki koma ƙarƙashin hoton ki rubuta layi biyu ko uku: kin ga abin da ya faru, bai yi miki daɗi ba, kun yi waya, ga abin da za ki yi mata. Shi ke nan. Kar ki tsaya amsa wa ƴan kallo ɗaya bayan ɗaya, su nishaɗi suka zo yi. Kuma kar ki fara da cewa laifin masu mota ne, ko da nasu ne. Wannan ki bar shi ya zo a ƙarshe, ko ma ki bari wasu su faɗa miki shi.

Ɗan_Zango:
To Tanti, in laifin masu mota ne don me za ta ba da haƙuri? Ita ta danne kwalin? Wannan shi ne ke sa masu saye suna raina ƴan kasuwa.

Badamagariya_a_Yamai:
Yaya Ɗan_Zango, bari in ba ka amsa a matsayina na mai saye, don ni duk abin da nake marmari na gida ta waya nake sayensa. Lokacin da na je Nita ko Amana na tura kuɗi, sunan wa aka rubuta a takardar? Na mai alkaki. Ban san direba ba, ban san yaron da ke loda kaya ba, ban zaɓi motar ba. Ita na sani. In abu ya lalace ita zan nema, ita kuma ta nemi wanda ta ba.
Sannan ku masu sayarwa akwai abin da ba ku sani ba. Kafin in tura wa baƙuwa kuɗina, ƙorafe-ƙorafen nake bi ina karantawa, ba yabon ba. Shafin da na ga daga sama har ƙasa "masha Allah", "Allah ya ƙara kasuwa", ba wanda ya taɓa cewa an yi masa jinkiri ko na awa ɗaya, tsoronsa nake ji. Kusan kilomita 900 tsakaninmu da ku, mota ta tashi da asuba sai dare take isowa, a ce tun da kika fara ba abin da ya taɓa fashewa? Sai dai in gogewa kike yi. Wadda na fi saye a wurinta yanzu, na fara yarda da ita ne ranar da na ga yadda ta amsa wa wata mai fushi ba tare da ta zage ta ba.

Kabu_Kabu_Sabon_Gari:
Hajiya, farfasasshen alkakin yana ina yanzu? Tambaya ce kawai, ciki ba ya duba siffa.

Hajiya_Karkada:
Kai dai Allah ya shirye ka, mutane na cikin damuwa kana zancen ciki.

Alhaji_Kasuwar_Dole:
Ɗiyata, ni ba gwanin waɗannan wayoyin ba ne, yarona ke karanta mini, amma ciniki na san shi. Garin nan da fatauci aka san shi tun zamanin Sarki Tanimun, ayari na zuwa daga Kano, na zuwa daga Tarabulus ta Agadas, su sauka Zango. Attajiri irin su Malam Yaro ana ba su kaya lamuni daga wata uwa duniya, a jira wata da watanni, ba takardar banki ba komai, don an san in kaya ya samu matsala ba za su ɓuya ba. Abin bai sauya ba, saurin yaɗuwar labari ne kawai ya ƙaru. Wanda ya dawo maka da kaya yana faɗa, yana da niyyar sake saye. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya koma shagon maƙwabcinka, ya kuma hana danginsa zuwa. Ki raba asarar da ita, ko ki ɗauki mafi yawa.
Amma ni maganarki ta ƙarshe ta fi tsaya mini. Mutum ɗari biyar, ba wanda ya yi magana. Ina tambaya, su suka zo da ƙafarsu ko ke kika kwaso su?

Maman_Nana_Birni:
Baba Alhaji, gaskiya gauraye ne. Wasu sun saya sun ce in sa su. Da yawa kuma lambobinsu na samu a gurup na biki da na suna, wasu sun shigo lokacin da na yi rabon kyautar alkaki da azumi, na ce duk wadda ta kawo mutum biyar za ta shiga ƙuri'a.

Alhaji_Kasuwar_Dole:
To kin ba kanki amsa. Taron tsintsiya ne babu shara. Wanda ya zo don kyauta, kyauta yake jira.

Ƴar_Mirya:
Yauwa, an zo wurin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Anti, ba da ke kaɗai nake ba, amma wallahi mun gaji. Ka kwanta lafiya ka tashi ka ga an jefa ka gurup uku: na atamfa, na kayan mata, na takalma. Ba sallama ba neman izini. Hotuna hamsin a dare ɗaya, forfen intanet da ka saya na kwana biyu ya ƙare kafin hantsi, waya ta cika. Mafi muni, duk wanda ke gurup yana ganin lambar kowa. Wani gurup na kayan kicin da aka sa ni, ashe akwai maza a ciki sun yi lamo, sai ga kira tsakar dare, "salamu alaikum, na ga hotonki". Yanzu wadda ta jawo mini wannan, ranar da aka taso ta kina tsammanin zan fito in kare ta? Ina ma laifin in ban taya ba.

Mai_Gyaran_Salula:
Ƴar_Mirya, shiga saitin WhatsApp wajen sirri, akwai inda za ki zaɓi wanda ke da ikon sa ki gurup. Ki mayar da shi kan waɗanda kika ajiye lambarsu, sauran sai dai su aiko miki gayyata.
Tanti Maman Nana kuma, kowane abu da aikinsa. Gurup na ɗaukar mutum har 1024, amma ba cika shi ne nasara ba. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci ɗaya yana ɗaukar 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki, wato wanda da ma yana son jin labarinki. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, wanda ya ga dama ya kalla, ba ki takura wa kowa ba. Tun 2023 kuma akwai tashar WhatsApp, inda ke kaɗai ke sa abu, mabiya ba sa ganin lambar juna. Talla ta tafi can da sitatus. Gurup ki bar shi ƙarami, na waɗanda suka saya suka sake saye, su shigo ta mahaɗin gayyata da kansu. In kina da WhatsApp Business, sa wa kowace mai saye alamar launi: wadda ta biya, wadda kayanta ke hanya, wadda ya isa. Da kin ga na hanya bai koma na isa ba, ke za ki riga ta kira.

Saurayin_Garin_Malam:
Ni ga hanya mai sauƙi. Ki samu ƙawayenki da ƴan'uwa kamar ashirin su shiga su yi ta yabon alkakin har maganarta ta nutse. Akwai ma yaran da ke sayar da mabiya, da jika biyu za a zuba miki dubu.

Badamagariya_a_Yamai:
Muna gane su fa. Duk sunan mahaifinsu ɗaya da na mai shafin, duk a cikin awa ɗaya suka yi sharhi, duk kalma iri ɗaya.

Mai_Gyaran_Salula:
Mabiyan saye kuma asara biyu ce. Ba sa sayen komai, sannan Facebook yana duba yawan waɗanda suka kula da abin da ka sa kafin ya ƙara nuna wa wasu. In mabiyanka dubu goma ne amma mutum shida ke taɓawa, sai ya ɗauka abin ba ya jan hankali, ya rage nuna shi har ga mutanenka na gaskiya.

Ɗalibin_Shari'a:
Ina son in jawo hankali kan doka, don na ga a wasu wurare ana zuga mutane su rama. Muna da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, aka bar tara, amma a watan Yunin 2024 an dawo da shi: ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani na iya kai mutum gidan kaso shekara 1 zuwa 3, ga tara. Wannan wuƙar kowa tana iya yanka. Ita da ta ce "ta ci kuɗina" alhali an aika mata kaya, ta kusa da layin. Amma Hajiya, in ƙanenki ya hau ya zage ta, ko ya sa hotonta da lambarta ya ce ga maƙaryaciya, ku ne za ku kwana a komisariya. Ki ajiye shaidunki: takardar tura kuɗi, rasit ɗin gar, hirarku ta WhatsApp. Kar ki watsa su a fili da sunanta da lambarta a jiki.

Malam_Lakol:
Ɗalibi, doka gaskiya ce, amma kar a sa wa Hajiya ra'ayin kai ƙara. A ce ta yi nasara. Gobe labarin da zai zaga Damagaram shi ne mai alkakin Birni ta sa an kulle mai sayen kayanta kan kwali ɗaya. Wace uwar amarya ce za ta sake tura mata kuɗi?

Ɗalibin_Shari'a:
Malam, ban ce ta kai ba. Cewa na yi ta riƙe ƙanenta.

Baduku_Damagaram:
Ni tawa matsalar daban ce amma ta shafi suna, bari in faɗa ko wani zai amfana. Mu dukawa da can baƙi muke jira, Turawa masu yawon buɗe ido su zo su ga fada da gidajen Birni su biyo ta wurinmu su sayi jaka da takalmi da matashin fata. Wannan kasuwar ta mutu tuntuni. Waya ce ta tashe mu. Kuma na lura hoton jaka a gama, an goge ta tana sheƙi, ba ya kawo mini mutane kamar ɗan bidiyon da nake ɗauka ina aiki. In nuna fatar akuya yadda ta fito daga majema, in nuna ina yanka, ina huda da basilla, ina ɗinki, hannuna duk rini. Har in kamo bakin fatar in murza a gaban kyamara don a ga ba roba ba ce. Mutanen da suka kalli wannan su ne in wani ya ce kayana na kanti ne nake sake wa suna, kafin in farka sun ba shi amsa. Ban roƙe su ba. Sun ga aikin da idonsu ne.
Hajiya, mutanenki sun taɓa ganin kina tankaɗe alkama, ko kina naɗa alkakin a hannu kafin ya shiga mai? Ko kullum hoton tire ne da "akwai na sayarwa"?
Abin da ya same ni kuwa, wani ne ya kwashe hotunana ya buɗe shafi da suna kusan irin nawa, harafi ɗaya ya sauya, yana karɓar rabin kuɗi a hannun mutane ya toshe su. Sai ga wani bawan Allah daga Tawa yana kirana ɓarawo. Na sha wuya kafin a rufe shafin, sai da masu saye na da yawa suka kai ƙararsa ga Facebook. Tun daga nan kowane hoto da sunana da lambata a tsakiyarsa, ba a gefe inda za a yanke ba, kuma na maƙala sanarwa a saman shafi cewa lamba ɗaya tak nake karɓar kuɗi da ita.

Hajiya_Karkada:
Malam Baduku, ba a yin rajistar suna ne a huta?

Ɗalibin_Shari'a:
Ana yi, Hajiya. Abu biyu ne kar a haɗa su. Rajistar kasuwanci da lambar haraji, wato RCCM da NIF, suna nuna cewa sana'arki tana nan a hukumance. Kare suna da tambari kuwa sai ta OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde, Nijar na ciki. In an ba ki, shekara 10 ne, ana sabuntawa. Ta nan ne aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da ke da asalin wuri. Sai dai ɓarawon Facebook ba ya tambayar takarda kafin ya saci hoto. Amfaninta shi ne in kin kai ƙara kina da abin nunawa.

Ɗan_Magarya:
A ƙara da cewa Najeriya ba ta cikin OAPI ɗin nan. Mu da rabin cinikinmu Kano da Daura ne, takardar ba ta tsallaka iyaka.

Ƴar_Mirya:
Tunda an taɓo abin da ke sa a yarda da mutum: ku riƙa rubuta farashi don Allah. Ka tambayi nawa, a ce "shigo ta ciki". Me ake ɓoyewa? Ni da na ji haka na san kowa da nasa farashin, ana duba hotonka ne a yanka maka.

Tanti_Mai_Turare:
Ƙanwata, wani lokacin ba mugunta ba ce. Kayan haɗinmu da yawa daga Kano suke zuwa, canjin naira da sefa yau daban gobe daban, ka rubuta farashi wata uku baya a zo a riƙe ka da shi. Amma na yarda, gara a rubuta a sa kwanan wata. Ni kuma abin da ya fi yi mini aiki shi ne murya. Yawancin masu sayen turarena ba sa karanta Faransanci, wasu ko Hausar boko sai a hankali. Duk sanarwa sai in yi ta da bakina, gajera. Kuma duk wadda ta saya, bayan kwana biyu nakan tambaye ta ya ta ji ƙamshin, ya kama kaya ko bai kama ba. A nan ƙorafi ke fitowa tun yana ƙarami, tsakanina da ita, bai kai ga Facebook ba.

Mai_Gyaran_Salula:
Wani abu kafin in manta, don kullum sai an kawo mini irinsa shago. Duk mai sana'a da WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa lambar sirri. Kuma in wani ya kira ya ce an turo maka lambobi shida bisa kuskure ka karanto masa, kashe wayar. Da su ake ƙwace asusu, a bi masu sayenka ɗaya bayan ɗaya ana neman kuɗi da sunanka. Wannan ɓacin sunan ya fi na kwali ɗaya nesa ba kusa ba.

Hajiya_Karkada:
Mu koma kan alkakin. Maman Nana, ki bar kwali. Bokitin roba mai murfi za ki riƙa sawa, ki shimfiɗa leda mai kauri, ki jera shi a tsaye a matse yadda ba zai yi ta karo da juna ba, ki naɗe murfin da salatif. Ki bar shi ya tsane sosai kafin ki rufe, musamman da zafin nan. Kuɗin bokitin ki sa a cikin farashi, ba wadda za ta ƙi. Kafin ki rufe ki ɗauki hoto, a gar ma ki ɗauka tare da rasit ki tura mata nan take. Kayan biki kuma kar ki yarda a ƙure miki lokaci, ki ce sai dai ya tashi da sauran kwana uku ko huɗu, don in mota ta yi halinta a samu damar gyarawa.

Maman_Nana_Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Tanti na kira ta. Da farko kamar za ta cinye ni, daga baya sai ta fashe da kuka. Ashe a gaban dangin ango aka buɗe kwalin, wata gwaggo ta yi mata habaici. Mun daidaita zan sake yi mata rabi kyauta, in sa a bokiti kamar yadda Hajiya ta ce, ita za ta biya kuɗin mota. Na rubuta hakan a ƙarƙashin hoton. Mata uku da suka daɗe suna saye sun zo sun yi magana, ɗaya ma ta ce ita ta ɗauka na fi son a yi shiru shi ya sa ba ta tanka ba tun farko. Sai dai har yanzu ba ta cire hoton ba. In ce ta cire?

Ɗan_Zango:
Tun kafin ki kunna wuta ya kamata ki ce mata sai ta cire. Jika goma sha biyar za ki yi asara, hoton kuma na nan duk mai shigowa na gani? Me kika saya ke nan?

Tanti_Mai_Turare:
A'a. Da kin sa sharaɗi ya zama cinikin rufe baki, kuma za ta iya faɗa wa mutane haka. Bar shi. Amsarki na ƙarƙashinsa, duk wanda ya ga ɗaya zai ga ɗayan.

Badamagariya_a_Yamai:
Ni a ganina kar ki ce ta cire, amma in na biyun ya isa lafiya ba laifi ki ce mata, in ba damuwa, ta rubuta a wurin cewa ya iso. Da yawa ba ƙi suke yi ba, mantawa suke, biki ya ɗauke musu hankali.

Alhaji_Kasuwar_Dole:
Ko wannan ni ba zan roƙa ba. In ƴar halak ce za ta yi da kanta.

Malam_Lakol:
Ni abin da nake tsoro daban. Yanzu an rubuta a fili cewa wadda ta yi ihu an ba ta rabi kyauta. Akwai masu karantawa suna lissafi. Gobe wata za ta karya guda biyar da hannunta ta ɗauki hoto. Ya kamata Hajiya ta fitar da ƙa'ida a rubuce ta maƙala a shafi: wanda kayansa ya lalace ya turo hoto a ranar da ya karɓa, tun a gar in zai yiwu, ga abin da za a yi masa. Kowa a yi masa iri ɗaya, mai ihu da mai kunya.

Ƴar_Mirya:
Malam, a gar ɗin Yamai da dare, ga turereniya, wa zai tsaya kwance salatif yana ɗaukar hoto? Sau da yawa ma ɗan kabu-kabu ake aikawa ya karɓo.

Malam_Lakol:
To a ce kafin awa 24.

Ɗan_Zango:
Ku dai yi ta ƙa'ida. Ni har yanzu ban ga wanda ya ce a je a tuhumi masu motar ba, su da suka karɓi kuɗin kaya suka ba da rasit. Hajiya, in za ki koma gar ɗin ki gaya mini, ina da wanda na sani a wajen lodi, a ji ko suna biyan wani abu in kaya ya lalace a hannunsu.